Bayan An Sauke Tukunya: Matan Yola da Jimeta da Abin da Ransu Ke So

In aka tambayi matar aure a Luggere ko Jambutu, "Adda, me kike yi in kin samu sarari?" amsar da za ta fara fitowa ita ce, "Wane sarari?" Daga nan sai lissafi: shara, wanke-wanke, jiran mai ruwa, shirya yara boko da safe, Islamiyya da yamma, girki sau uku, ga dubiya, ga barka, ga gaisuwar rasuwa a cikin Yola da sai an sauya Keke sau biyu kafin a kai. Duk gaskiya ta faɗa. Amma wadda ta zauna a tsakar gidan har la'asar ta yi sanyi za ta ga wani abu. Matar gidan za ta jawo leda daga ƙarƙashin gado, a ciki da zare da kwarashi da hular jariri da ta kai rabi. Ƙanwarta za ta kama hannun 'yar maƙwabta tana zana mata fure da lalle, ba salla ba biki. A bakin taga kuma waya na ta magana, wata murya na karanta littafin soyayya, kowa na harkarsa amma kunne na can. In aka ce, "To Adda, wannan fa?" sai ta ce, "Ai ba komai ba ne, ɗan rage zafi ne."

A kan wannan "ba komai ba" nake so mu tsaya. Hausa ba ta rasa kalmomin abin da mutum ke yi don ransa: sha'awa, nishaɗi, ɗebe kewa, rage dare. Sai dai in magana ta zo kan mace, duk sukan ja baya su bar wa kalma ɗaya fili, wato sana'a. Tun muna yara ake ce mana da zaman banza gara aikin kishiya. Shi ya sa mace kan ji nauyin ta ce tana abu don yana mata daɗi kawai. Sai ta nemo masa riga, ko ta kuɗi ko ta lada, kafin ta fito da shi gaban mutane. Namiji kuwa zai tafi majalisa bayan isha'i, ko gidan kallon ƙwallo, ya yi awa uku yana musu a kan Arsenal da Chelsea, ba mai tambayarsa nawa ya samo.

Garuruwan biyu ba halinsu ɗaya ba, ko da yake baƙo kan haɗa su ya ce Yola. Yola ta cikin gari, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, ita ce ta fadar Lamiɗo, ta zaure da doguwar katanga, inda kunyar Fulani ke da nauyi har a tafiyar mace da muryarta. Jimeta a bakin Binuwai ta taso, ta kasance tashar jiragen ruwa a zamanin kamfanonin Turawa, daga baya ofisoshin gwamnati suka cika ta, musamman da aka yi Jihar Gongola a 1976, sannan Adamawa a 1991. Ta tara Fulani da Hausawa, Bata da Bachama, Verre, Kilba, Margi, Higgi, Chamba, Barebari da Shuwa, Igbo da Yarbawa, kuma Hausa ke haɗa su a kasuwa. A gidan haya ɗaya a Doubeli ko Nassarawo, ƙofa na kallon ƙofa, mace kan koyi haɗa turare wurin 'yar Maiduguri, ta koyi kek wurin maƙwabciyarta mai zuwa coci, ita kuma ta koya musu dambun nama. Da wuya a samu abin da mata ke sha'awa a nan wanda bai bi ta hannun maƙwabciya ba.

Lalle ne kan gaba, kuma shi ya fi nuna yadda abin ke tafiya. Iyayenmu daka ganyen suke yi, su kwaɓa, su shafe tafin hannu da ƙafa, a ƙunshe, a zura hannu a zunguru a kwana da shi. Aka zo zamanin salatif, ana yanka shi da reza siriri-siriri a manna a fata, a shafa lalle a kai, in an ɓare zane ya fito. Yanzu leda ake naɗewa kamar mazurari mai tsinin baki, a riƙe ta kamar biro. Yarinya 'yar shekara sha biyu takan fara ne a bayan littafin makaranta, ta koma kan kwali, ta koma hannunta na hagu, sannan ƙafafun ƙannenta waɗanda sai an yi musu alkawarin alawa suke zama. Ba wanda ya sa ta. Ido ne ya gani, hannu ya ce shi ma zai iya. A wannan matakin ne ake samun zane mafi kyau, domin tana gwada abin da ya zo mata, in ya ɓaci ta goge.

Rannan sai wata ta gani a hannun ƙanwarta ta ce, "Wa ya yi miki?" Shi ke nan, kasuwa ta buɗe. Ba na raina wannan ko kaɗan. Kuɗin lallen jajibirin salla ya ɗinka wa 'yan mata da yawa kaya, ya biya wa wasu kuɗin jarrabawa. Amma a dubi mai lalle a daren salla: tun hantsi take duƙe, layi har waje, baya ya ƙage, ido ya yi ja, kuma kowace ta zo da hoto a waya tana cewa, "Irin wannan nake so, kada ki canza komai." Wadda ta shigo harkar don tana son ƙirƙira ta koma mai kwafe zanen wata da ba ta taɓa gani ba a Dubai ko Indiya. Akwai kuma batun da ya kamata a riƙa faɗa da ƙarfi. Baƙin lallen da ake yayi, mafi yawansa da rinin gashi ake haɗa shi, kuma a cikin rinin akwai sinadarin PPD, wanda kan sa fatar wasu ta yi ƙuraje, ta kumbura, ta bar tabo daidai siffar zanen. Mai yin ma da hannunta ke cikinsa kullum tana cikin haɗari. Jan lalle na ganye bai taɓa yi wa kakanninmu haka ba.

Kusa da lalle akwai gyaran jiki da ƙamshi: dilka, halawa, humra, turaren wuta. Daga Borno da Chadi da Sudan suka shigo, ta hannun matan Shuwa da Barebari, suka zauna daram. Mai sha'awar turare takan yi kwanaki tana jiƙa itace, tana soya shi da sukari, tana auna sandal da kajiji da miski, kuma ba ta faɗin sirrin haɗinta ko ga aminiya. Da can ana yi wa wannan fanni kallon aikin waɗanda ba su yi boko ba. Aisha Buhari, 'yar Adamawa, jikar Muhammadu Ribadu, ta karanci gyaran jiki a Ingila, ta buɗe wurinta mai suna Hanzy, ta kuma fitar da littafi a kan fannin a 2016 tana matar shugaban ƙasa. Ko mutum na tare da siyasar gidansu ko ba ya tare, wannan ya rage wa 'yan mata wahalar bayani a gaban iyaye.

Kafin zare da waya, akwai ƙwarya, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Ƙasar Adamawa na cikin wuraren da zanen ƙwarya ya fi shahara a Najeriya, kuma mafi yawansa aikin mata ne. A shuka duma, a bar shi ya ƙosa, a fafe, a shanya. Sannan mai zane ta sa 'yar wuƙa a garwashi, in ta yi zafi ta bi bayan ƙwaryar da ita tana ƙona layi bayan layi, ba takarda, ba abin kwaikwayo, zanen na cikin kanta. Wasu kuma karta suke yi da tsinin ƙarfe, su shafe da baƙin tukunya da mai don zanen ya fito. Matan Ga'anda a yankin Gombi, matan Yungur a yankin Song, matan Bata na bakin kogi, matan Fulani na gida da na daji, kowa da irin hannunsa, har mai ido kan ɗauki ƙwarya ya faɗi inda ta fito. Wani Bature mai suna Chappel ya fitar da littafi sukutum a kan ƙoran wannan yanki a 1977, Marla Berns da Barbara Hudson kuma suka fitar da nasu a Amurka a 1986.

Abin da ke taɓa ni shi ne, ƙwaryar da ba ta da zane tana ɗaukar fura daidai da mai zane. Nono ba ya ƙara daɗi don an ƙona mata fure a baya. Matan nan da ke surfe da daka da ɗebo ruwa a kogi da noma, waɗanda aikinsu ya ninka namu, sun ware lokaci sun zauna gaban garwashi don kawai abin da za su ɗauka ya yi kyau. Haka faifan da ake saƙawa da kaba a rina shi ja da baƙi. Duk mai cewa sha'awa abin 'yan boko ne ko na masu hutu, ya je ya dubi ƙwaryar kakarsa. Yau roba da silba da kula sun kore ta daga madafa. Ta koma kayan ado, ana nemanta in amarya za ta yi shigar Fulani a ɗauki hoto. Masu iya zanen suna tsufa, 'yan matan birni kuma ba su taɓa riƙe wuƙar ba. Yana ba ni mamaki cewa hannun da ya iya zanen lalle haka bai taɓa samun wanda zai ce masa ga ƙwarya gwada ba, alhali ido ɗaya ne, natsuwa ɗaya ce.

Saƙa ita ce ta fi jure zamani. Garin da zafinsa kan haura maki 40 a watan Maris da Afrilu, za a ce me ya haɗa shi da kayan sanyi, amma hunturun Disamba da Janairu na nan, kuma mai jego ba ta jin an gama mata barka in ba a kawo rigar saƙa da hula da safa ba. Ga ɗinkin hular maza irin ta Borno, wadda guda ɗaya kan ci makonni, ga aikin zanen gado da na wuyan riga.

A 2014 ne aka ga nauyin wannan abu da ake kira ba komai ba. Madagali da Michika suka faɗa hannun Boko Haram, a ƙarshen Oktoba Mubi ta bi, jama'a suka kwararo Yola da Jimeta a ƙafa da bayan manyan motoci. Wasu suka sauka a sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Damare, wasu a Malkohi, wasu a harabar cocin Saint Theresa, mafi yawa kuma a gidajen 'yan uwa da na waɗanda ba su ma san su ba. Mata da yawa ba su fito da komai ba sai zanen jikinsu da abin da hannunsu ya iya. Wadda ta iya kitso ta yi kitso, wadda ta iya hula ta nemi allura. Ya kawo ɗan abin sayen sabulu, haka ne, amma duk wadda ta taɓa shiga tashin hankali ta san ɗayan amfanin. Hannu na ƙirga ɗinki, zuciya na samun inda za ta tsaya na ɗan lokaci. A shekarun ne kuma Jami'ar AUN, lokacin shugabancin Margee Ensign, ta tsaya wa wani shiri da ake kira Yola EcoSentials: a tsinto ledojin da ke toshe magudanai, a wanke, a yayyanka, a ƙulla su zama zare, mata su saƙa jaka da tabarma da kwarashi. Dabarar ta zauna ne domin kwarashin ba baƙo ba ne a hannunsu.

Akwai sha'awa ɗaya da ta ƙi sa rigar sana'a, shi ya sa ta fi kowace shan suka, wato karatun littafi. Tun da Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, labarin wata yarinya Bafulatana, sannan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da sauransu suka biyo, littattafan Kano suka bi motocin kasuwa har Jimeta. An yi zamanin shagon haya, a karɓi na ɗaya a mayar a karɓi na biyu, a ɓoye a ƙarƙashin filo. Yanzu duk sun koma waya: rukunonin WhatsApp da ake biyan 'yan ɗaruruwan naira a shiga, Wattpad, da masu karantawa a YouTube. Wannan na ƙarshe ya dace da rayuwar matar gida ƙwarai, domin kunne ne kaɗai gaɓar da aikin gida ya bari. Ana tuƙa tuwo ana jin yadda za ta kaya tsakanin uwargida da amarya.

Ana cewa ɓata lokaci ne, ana cewa suna lalata tarbiyya. Akwai gaskiya a wani ɓangaren. Tun da rubutu ya koma waya ba mai tacewa, wasu marubutan sun gano batsa na jawo masu biya, kuma wayar uwa ita ce wayar 'yarta. Amma in aka zubar da duka saboda wannan, an yi asara babba. A cikin littattafan nan ne mata ke tattauna auren dole, saki ba dalili, zaluncin uwar miji, ciwon rashin haihuwa, abubuwan da ba a ba su mumbari su faɗa. Na san matan da harshen gidansu Fulatanci ne ko Margi, waɗanda karatun Hausarsu bai miƙe a aji ba, sai a kan waɗannan labarai. Wasu kuma daga karatu suka ɗauki alƙalami. Da BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, labarin da ya zo na ɗaya sunansa Sansani, na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira. Ba ƙaramin abu ba ne ga garin da ya ga Malkohi da idonsa. Kallo ma na nan a gefe: Daɗin Kowa na Arewa24, Labarina, da finafinan Indiya masu fassarar Hausa, in an kawo wuta.

Girki kuwa sai an bambance. Tuwon dare wajibi ne, ba mai kiransa sha'awa. Amma alkaki da nakiya da dubulan, kek mai hawa uku, samosa, gasasshen kifin Binuwai da sabon haɗin yaji da aka gani a Instagram, wannan wani fage ne, kuma shi ma da an ɗanɗana aka yaba, sai a ce, "Me ya sa ba kya sayarwa?" Haka kiwon kaji da zabbi da ragon layya a bayan ɗaki, da 'yar shukar zogale da yakuwa a gefen rijiya.

Rigar lada kuma ita ta fi buɗe wa mace ƙofar gida. Islamiyyar matan aure ibada ce da neman ilimi, ba na rage mata daraja. Sai dai duk wadda ke zuwa ta san akwai ƙari: a nan ake ganin ƙawaye, a nan ake adashe, a nan mace ke jin daɗin muryarta in ta gyara tajwidi, har wasu su shiga musabaƙar karatun Alƙur'ani da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa tun 1986. Ƙungiyoyi irin FOMWAN, da aka kafa a 1985, sun ƙara faɗaɗa wannan fili. A ɓangaren Kirista, Zumuntar Mata ke riƙe da wannan gurbi. A cocin LCCN, wanda tushensa ke Numan tun zuwan mishan na Denmark a 1913, da EYN da Katolika, mata kan haɗu a tsakiyar mako su yi gwajin waƙa da Hausa, da tulu da ganga, su fito ranar Lahadi da zane iri ɗaya. Ga mata da yawa, wannan ce kaɗai rawa da waƙar da ta rage musu bayan an bar gaɗa a dandali.

Inda muka fi rauni shi ne motsa jiki. Adamawa Queens na buga gasar ƙwallon mata ta ƙasa, amma 'yan mata nawa ne a Yola za su ce a gida suna son buga ƙwallo a saurare su? Yarinya na tsalle da guje-guje har ta kai sha uku, daga nan sai a ce ta girma, ta zauna. Bayan shekara ashirin likita ya ce hawan jini ne ko sukari, ta riƙa tafiya. Ina za ta yi tafiyar? Titi na Keke ne da ƙura, filaye na maza ne. Wasu ma'aikata a Dougirei da Karewa kan fita da sassafe su biyu su uku, da hijabi da takalmin gudu. Makarantun 'yan mata na da filaye da katanga, kuma da yamma a rufe suke. Buɗe su ga matan unguwa awa biyu ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

Duk wannan kuwa a kan lokaci yake tsaye, kuma lokacin mace ba a hannunta yake ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a rahotonta na 2018 mata ke yin sama da kashi 76 cikin ɗari na aikin kula da gida da ba a biya, fiye da ninki uku na maza. Wannan na duniya ne gaba ɗaya, har da inda famfo ke zuba kuma injin ke wanki. A ƙara da namu: ruwa sai an saya, wuta sai an jira, dare kuma zafi ya hana zama a ɗaki. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, zare da fulawa da sukari da kuɗin Keke duk suka tashi, a 2025 kuma aka ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. A irin wannan hali, in mace ta sayi zare ba don ta sayar ba, ita kanta sai ta ji kamar ta ci amanar tukunya. Saboda haka ba na zargin wadda ta mai da sha'awarta sana'a. Abin da nake ƙi shi ne gaggawar da muke yi wa yara. Yarinya ta fara zane yau, gobe an buɗe mata shafi ana neman masu saye, ba a bar hannun ya yi wasa ya nuna ba. Mai zanen ƙwarya ta yi shekaru tana ɓata ƙorai a gefen uwarta kafin kowa ya yaba.

Maigida ma na da rawar takawa, kuma ba mai tsada ba ce. Ya riƙe yara awa ɗaya bayan la'asar. Ya daina cewa "wannan shirmen" in ya ga littafi ko kwarashi. In zai dawo daga kasuwar Jimeta, ya tambaya wace kalar zare ta ƙare.

Akwai wani gida a Luggere da na ga irin wannan hular jariri ta kai rabi, sai na koma bayan sati biyu. Hular ta ƙare, ruwan hoda da fari, da ɗan tuntu a sama. Na ce, "Adda, wa ya haihu?" Ta juya ta a hannu, ta gyara tuntun, ta ce, "Ba kowa. Zaren na gani a kasuwa, kalarsa ta shiga raina."